Zlatka da Bututun Man Motar Bai Metodi

A ƙauyen Gorna Lipka, in mota ta fara warin fetur ba a tsayawa shawara, gidan Zlatka ake nufa. Shi ne gida na ƙarshe kafin gada, mai rumfar kwano a gefe da rami a ƙarƙashinta. Shekarunta sittin da uku, gajera ce kakkaura, kullum da tsohuwar rigar aikin mijinta a jikinta, hannuwan a naɗe.

'Yar maƙeri ce. Mahaifinta bai samu ɗa namiji ba, don haka tun tana shekara tara ita ke riƙe masa awartaki. Tana da sha bakwai ta shiga garejin gonar haɗin gwiwa da sunan mai shara da wanke kayan aiki. Ba ta shekara biyu ba direbobi suka fara zagaye manyan kanikawa suna zuwa wurinta a ɓoye, saboda in ta ɗaure abu ba ya komowa. A nan ta haɗu da Stamen, direban motar katako, ta aure shi, suka haifi 'ya ɗaya, Nevena. Da aka rushe gonar aka zo rabon kaya, mutane na ta rububin shanu da tumaki, ita kuwa ta nuna akwatin sifana da ƙarfen buɗa bakin bututu ta ce su take so. An yi mata dariya ranar. Stamen ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Nevena kuma tana Sifen tana aikin kula da tsofaffi, tana bugo waya duk Lahadi.

Wata safiya a farkon bazara, tana tsugune tana cire ciyawa a cikin wakenta, ta ji mota na gangarowa a hankali da inji a kashe. Ba sai ta ɗaga kai ba. Mutum ɗaya ne a ƙauyen ke tsoron motarsa haka, Bai Metodi, kamar yadda ake sakaya sunan dattijo a can, tsohon malamin makaranta, wanda ya koyar da rabin ƙauyen har da Nevena. Tun da ya ajiye alli ya koma kiwon ƙudan zuma, kuma duk shekara war haka yake kwashe akwatunansa a tsohuwar motar nan ya hau da su kan dutse inda furanni ke daɗewa.

"Barka da asuba, ƙanwata," ya ce yana fitowa da ƙyar. "Na kawo miki mara lafiya."

"Tun daga kan gada na jiyo warinta, Malam. Ka taɓa ta?"

"Ni? Me na sani a mota?"

Ta goge hannu, ta ɗage bonet. Inda bututun mai ya taso daga famfo ya shiga kafireta, notin ya jiƙe sharkaf, fetur na ɗiga kan inji. An nannaɗe haƙoran notin da farin tef irin na masu gyaran famfon ruwa, kusurwoyinsa kuma duk sun lanƙwame don matsa.

"Wannan fa? Ƙudan zuma ne suka naɗa?"

Metodi ya sosa ƙeya. "Ɗan kaɗan na matsa. Da na ga yana ƙaruwa sai na ƙara."

"Da wace sifana?"

"Da filaya."

Zlatka ta kalle shi ta saman tabarau irin kallon da shi ma ya sha yi wa yara. Ta cire wayar batir, ta sa shi ya kashe lofensa ya kai can bakin rijiya ya ajiye. Sannan ta ɗauko sifana biyu, ɗaya ta riƙe mazaunin da ke jikin kafireta don kada ya juya, ɗaya ta kama notin. Da ya saki, ta tara tsumma, ta zare bututun ta fito da shi cikin hasken rana.

"Zo ka gani, ka yi karatu yau. Ka ga bakin nan da aka buɗa kamar mazurari? Shi ke zama daram a kan mazauninsa ya hana mai fita. Noti turawa kawai yake yi. Ko ka naɗa masa zanen gado, in bakin ya lalace sai ya yi yoyo."

Idanunta sun fara rauni, amma ba da su take dubawa ba. Ta zagaya farcenta a gefen bakin har ya maƙale a wani ɗan tsagi da ba a gani.

"Ga shi. Da can datti ne kawai ya shiga tsakani, da an goge an mayar shi ke nan. Matsawarka ce ta tsaga shi."

Ta shafa mazaunin tagullar da ɗan yatsa, ta same shi sumul, ta yi ajiyar zuciya, don irinsa sai an je birnin Smolyan. Ta yanke bakin bututun, ta zare tsohon notin da ya lanƙwame ta jefar, ta ɗauko sabo ta ajiye a tebur, ta kankare cikinsa, ta bi gefen da magagari har ya daidaita, ta hura. Metodi ya jawo kujera ya zauna kusa, yana juya hularsa a hannu. Ta danne bututun a cikin ƙarfen buɗa baki, ta fara murɗawa.

"Zlatka," ya ce, "bana ce hawana na ƙarshe."

Hannunta bai tsaya ba. "Haka ka ce bara."

"Bara wasa nake. Boyan zai zo da kaka ya tafi da ni birnin Plovdiv. Likita ya ce zuciyar nan ba za ta ƙara jure hunturu ni kaɗai a gida ba. Bene ne, hawa na shida. Ba a kiwon zuma a can."

Boyan ɗansa ne, injiniya, mai kirki amma ba a ja da shi. Zlatka ta ci gaba da murɗawa, ta lanƙwasa bakin sau ɗaya, ta sake danna shi ciki ya ninku biyu, kamar yadda bututun ƙarfe ke so.

"Wani mutum daga kwari ya ce zai kwashe su duka," in ji Metodi. "Na je na ga nasa. Ba zan ba shi ko ƙuda ɗaya ba. Ke nake so ki karɓa, da motar."

"Ni? Ni da ko a kasuwa na ga zuma sai na ratse? Ka manta yadda fuskata ta kumbura ranar bikin Nevena?"

"Wanda ya iya bi da ƙarfe a hankali zai iya bi da su."

Ta kwance ƙarfen ta ɗago bututun. Baki ya fito tsaf, babu tsagi babu karkata. Tana shirin miƙa masa ya gani, sai idonta ya sauka kan tebur. Ga sabon notin nan zaune kusa da magagari. Ba ta zura shi a bututun ba kafin ta buɗa bakin, yanzu kuwa ba ta inda zai shiga.

Wannan kuskuren 'yan koyo ne, rabonta da shi tun tana yarinya. Metodi ya bi idonta ya kalli notin, ya kalli bututun, a hankali kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ko in ɗauko miki filayata?"

"Rufe mini baki, Malam. Kai ka zo da surutunka."

Ita ma dariyar ta kama ta har ta zauna a bakin rami tana share ido da gefen riga, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. In ta sake yankewa bututun zai gaza tsawo. Ta shiga ciki ta sauko da wani naɗin bututu da Stamen ya rataye a ƙusa tun yana raye, ta auna, ta yanke, ta lanƙwasa shi a kan gwiwarta bin siffar tsohon. Wannan karon sai da ta zura noti biyu, ɗaya a kowane gefe, ta ɗaga ta nuna wa Metodi, sannan ta buɗa bakunan.

Ta mayar da bututun jikin inji, ta kama notin da yatsu ta juya har ya shige babu gardama, kafin ta sa sifana. Ta matsa kaɗan, ta sassauta, ta sake matsawa, don bakin ya sami wurin zamansa. Ta share ko'ina ya bushe, ta mayar da wayar batir.

"Tayar."

Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ta yagi takardar jarida ta manna a ƙarƙashin notin, ta bar shi yana aiki har suka gama cin gurasa da cuku da kindirmon da ta fito da su. Da ta ciro takardar, a bushe take ƙamas.

Ranar ba ta yanke masa magana kan ƙudan zuman ba. Amma washegari da sassafe, da ya fito loda akwatuna, ya tarar da ita a ƙofar gidansa ta ɗaure kai da tsohon labulen taga don tsoron harbin zuma, ta ce ta zo ne kawai ta ji ko motar za ta iya hawan dutse da kaya. Ita ta tuƙa. A can sama ya koya mata yadda ake busa hayaƙi da yadda ake ɗaga murfi ba a girgiza ba. Uku suka harbe ta, ta zage su, ta zage shi, ta koma ta ɗaga na gaba.

Duk bazarar tare suka yi ta hawa da sauka. Da kaka Boyan ya zo ya tafi da mahaifinsa. A cikin akwatuna sha takwas Zlatka ta karɓi shida, ta ce ƙarfinta ke nan, sauran Metodi ya raba wa tsofaffin ɗalibansa biyu. Ɗaya ya mutu mata a hunturun farko, biyar suka fita. Da ƙanƙara ta narke ta gan su suna shawagi a kan furen bishiyar da ke bayan rumfa, ta shiga gida ta bugo masa waya. Bai bari ta gama ba ya hau tambayarta ko ta duba sarauniyar kowane akwati. Ta ce ta duba huɗu. Ya ce ta ajiye wayar ta je ta duba na biyar, yana jira.