Yaya Sale da Faɗan Tsakiyar Ruwa

Daminar bana ce ta goma sha ɗaya da Kogin Haɗeja ya cika ba tare da yayana Sale ya gan shi ba. Allah ya jiƙansa. Duk shekara in ruwa ya shafe hanyar Guri nakan je mashigin da ya yi wa mutane fito, in tsaya, in dawo gida raina a ɓace. Bana na ce bari in rubuta, ko na sami sauƙi.

Shi ne sarkin fito a mashigin, da mutum uku a ƙarƙashinsa, kuma kowanne da irin halinsa. Akwai Bukar, Babarbare, wanda kan wuni bai ce uffan ba, amma kana yi masa tsawa zai ajiye gorar tuƙi ya tafi gida. Akwai Ɗan'azumi, uban surutu, jikinsa ba ya son aiki, sai dai bakinsa na kwantar wa tsofaffi hankali in jirgi ya fara tangaɗi. Sai Habu, ƙaƙƙarfa, mai zuciya a kusa, wanda babu mashigin da ba a kore shi ba kafin Yaya ya ɗauke shi.

Ni da nake zaman ɗinkina, na sha ce masa ya sallami ukun ya huta. Sai ya yi dariya ya ce kowa da inda yake da amfani. Ya sa Bukar a bayan jirgi, inda ba mai damunsa da magana. Ɗan'azumi a tsakiyar fasinja. Habu kuwa a gaba, ya sauke fushinsa a kan gora.

Kuma bai taɓa yi wa ɗayansu faɗa a gaɓa ba. In mutum ya yi laifi, sai ya bari an watse, ya ce masa, "Zo ka raka ni in duba ruwa." Su shiga ƙaramin kwalekwale su biyu, sai tsakiyar kogi. A can yake wanke mutum tas, su dawo kamar ba a yi ba. Habu ya fi kowa zuwa duba ruwa.

Wata damina wani Baturen mulki mai rangadi ya zo zai haye. Yaya ya ce kayan sun yi yawa, a yi sawu biyu, sannan ya tafi sallar la'asar. Habu, don a ga ƙarfinsa, ya loda su duka ya tura. Jirgi ya karkata, akwatunan Bature suka bi ruwa. Ba a rasa rai ba.

Bature ya tara mu a gindin tsamiya, ya sa tafinta ya tambaya ko shugaban nan yana tsawata wa yaransa kuwa. Mutanen gaɓa suka faɗi iyakar saninsu, ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aka juyo kan ma'aikata. Bukar ya sunkuyar da kai. Ɗan'azumi ma haka. Habu ne ya matso.

"Ranka ya daɗe, tun da nake tare da shi bai taɓa yi wa kowa faɗa ba. Kowa abin da ya ga dama yake yi."

Ina tsaye na zuba wa Yaya ido. Da ya buɗe baki ya faɗi sau nawa ya kai Habu tsakiyar ruwa, da magana ta ƙare. Bai faɗa ba, don faɗin tonon asiri ne a gaɓa, abin da bai taɓa yi ba. Aka tuɓe shi, aka naɗa Habu, wai mai zafi ake so. Yaya ya koma noman shinkafa a fadama, bai sake taka mashigin ba har ya rasu. Wannan cin amana ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Da Yaya zai leƙo yanzu, me zai gani? Habu na zagin ma'aikata a gaban fasinja, duk damina da sababbin fuskoki. Bukar ya koma kamun kifi a Kirikasamma, Ɗan'azumi na tallar goro. Na san Yaya ba zai ce komai a gaban jama'a ba. Zai jira a watse ne. Ni dai haƙurina bai kai nasa ba.

Makon jiya Habu ya same ni a mashigin, ya yi furfura. Ya gaishe ni, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, zo ka raka ni in duba ruwa."

Ashe abin da ya rage na Yaya ke nan, kuma a bakin wanda ya kayar da shi ya rage. Na gane abin da yake son faɗa mini a can, inda ba mai ji. Na ce masa, "A gaɓa ka faɗi waccan ƙaryar, Habu. A gaɓa za ka janye ta."

Ya dubi mutanen da ke jiran jirgi, ya dube ni, ya ɗauki gorarsa. Na tsaya har suka haye. Bai waiwayo ba.