Ramuka Bakwai a Bangon Yaya

Kafin rana ta yi zafi Baba Mai Fila ya riga ya shigo rukunin gidajenmu na haya, yana tura tsohon kekensa, don tayar baya ta daɗe da daina ɗaukar mutum. A kan keken akwai gwangwani, da wuƙa mai faɗin baki, da guntun samfefa, da tsumma. Shekara ashirin da shida da waɗannan kayan yake toshe mana ramukan bango: inda aka zare ƙusa, inda ƙofa ta doki siminti, inda yara suka ƙwaƙule da cokali. Sai ya kwaɓa farin garin nan da masu fenti ke kira fila, ya danna shi cikin ramin, ya shafe da wuƙa, ya tafi. Ba ya gogewa sai washegari, wai fila in ta bushe shigewa ciki take yi, sai an ƙara mata.

Matan layinmu sun maida shi abokin tsokana. Matar tela ta taɓa ce masa haƙorin mijinta ma ya yi rami. Ya ce ta kawo shi, amma sai ya kwana baki buɗe kafin a goge.

Yana da wata ɗabi'a da masu gaggawa ke jin haushi: ba ya toshe rami sai ya tambayi me ya kawo shi. Nas ɗin da ke gida na huɗu shaida ce. Ya taɓa ramin ɗakinta, ya shinshina yatsa, ya ƙi toshewa, ya ce bututun ruwa ke yoyo a baya. Ta yi masa faɗa kamar ta cinye shi. Da aka fasa wurin, ruwa aka tarar. Har yau in ta hango shi sai ta gyara tsayuwa ta gaishe shi.

To, ga maganar da ta sa na buɗe baki.

Yayata, wadda kowa ke kira Yaya, shekara talatin tana gidan da ke jikin nawa. A nan mijinta ya rasu. Shekara biyu ke nan idonta ya mutu, ta ɓoye zancen, ni kaɗai na sani. Tsoronta ɗaya: ɗanta ya ji, ya kwashe ta ya kai ta hawa na uku a garin da ba ta san kowa ba.

Da sabon manaja ya zo, ya ce a gyara gidajen duka a yi fenti. Baba ya shiga gidan Yaya ya yi ta toshewa, har ya kai ɗan lungun da ya taso daga ɗaki zuwa banɗaki. A nan ya ga ramukan ƙusa bakwai a jere, daidai kafaɗa, bakinsu ya yi duhu ya yi santsi kamar abin da ake shafawa kullum. Ya tambaya me ke rataye a nan da. Yaya ta ce ba komai. Amma da take ba shi amsa, inda ya tsaya ɗazu take kallo, shi kuwa ya riga ya matsa. Nan ya gane. Ita ma ta gane ya gane. Da ramukan take ƙirga hanya: a na huɗu akwai 'yar matakala, a na bakwai a juya dama.

"Malam, ka rufa min asiri," ta ce.

"Hajiya, ni ma ban ga komai ba. Mun zama biyu."

Ya rufe gwangwaninsa ya fita.

Manaja ya zo duba aiki da tocila, da rana tsaka, ya ƙirga ramuka bakwai. A gaban masu fenti ya tambayi Baba ko bai gan su ba. Baba ya ce ya gani, bari ya yi. Aka ce don me, ya sunkuyar da kai. Bayan kwana biyu aka miƙa masa takarda, wai tsufa ya ci idonsa, ya je ya huta. Ba taro, ba na gode. Aka kawo wasu suka toshe ramukan da hantsi, suka shafe da fenti kafin azahar. Bango ya yi sumul.

Washegari Yaya ta ɗora hannu a bango, ba ta ji komai ba. Ta ci tuntuɓe da matakalar, goshinta ya haɗu da bakin ƙofa. A ƙasa na same ta, jini a ɗankwalinta, tana zaune a tsakiyar gidanta ba ta san ina ne gaba ba.

Tela ne ya kai wa Baba labari. Da la'asar sai ga keke, ba gwangwani a kai. Guduma ce da ƙusa ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe ramuka ya tsaya a lungun nan, ba awo ba alama, ya huda bakwai. Ya matsa gefe ya ce ta gwada. Yaya ta bi su da yatsa, ta ce na shida ya yi ƙasa. Ya ce bai yi ba. Ta ce ita da bangonta zai yi musu? Ya sake hudawa sama kaɗan, ya ce gobe zai zo ya toshe na kuskuren, jibi ya goge.

Kai ne aka ce ba ka gani, Baba, alhali a gidajen nan kaf kai kaɗai ka ga abin da na taya Yaya ɓoyewa shekara biyu. Kai ne aka tozarta a gaban waɗanda ka haifi sa'o'insu, da kalma ɗaya za ka wanke kanka, ka haɗiye ta saboda wata tsohuwa ta roƙe ka.

Da Yaya ta ji abin da aka rubuta a takardar, ita da kanta ta kira ɗanta ta faɗa masa gaskiya. Ya zo da niyyar tafiya da ita. Ta miƙe a gabansa, ta bi bango ta je banɗaki ta dawo, ba ta ko dafa ni ba. Ya daɗe yana kallon ramukan, sannan ya koma shi kaɗai. Ita ce ta ce in faɗa wa duniya.

Manaja, Baba ba ya neman aikinsa, gwiwoyinsa sun gaji. Layin nan da ka rubuta game da idonsa nake so ka janye, a gaban masu fentin da ka tara masa. In kana shakka, zo gidan Yaya mu ɗaure maka ido, mu ga ko za ka kai banɗaki ba tare da ramukansa ba.

Mun gode, Baba Mai Fila. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa Yaya. Ku kuma masu aiki a gidajen mutane, ku koyi abu ɗaya a wurinsa: kafin ku toshe rami, ku tambayi mai ɗakin.