Injiniya Tanimu da Aiken da Ya Yi Mini Zuwa Istanbul

Saƙon ya same ni ina tsaye a layin duba fasfo a filin jirgin Hamad da ke Doha, tsakanin baƙi 'yan kallon ƙwallo masu fentin tuta a kumatu. Kunna wayata ke da wuya sai ga shi a zaurenmu na 'yan gida da ke wayar: Allah Ya yi wa Injiniya Tanimu rasuwa jiya da hantsi, an yi jana'izarsa bayan la'asar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato tun kafin in hau jirgi an riga an rufe shi. Zan faɗi alherinsa kamar yadda ya wajaba a kaina, amma ba zan ɓoye ba, ina jin haushinsa. Iyalinsa sun roƙi kowa ya yafe masa, kowa ya amsa, ni kaɗai na yi shiru.

Shekara takwas muna ofis ɗaya a wani kamfanin gas, shi babba, ni ƙarami. Ɗan ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗin Zariya ya tashi. Mutum ne da ake gyara zama in ya shigo taro, amma a gidansa da ke unguwar Mansura ɗaki guda ya ware wa jiragen ƙasa 'yan ƙanana, kowane kai bai wuce tafin hannu ba. Ya shimfiɗa layin dogo a kan katako, ya gina tashar Zariya yadda ya san ta yana yaro, har da masu tallan rake. Hajiya Rabi, mai ɗakinsa, takan ce ta haƙura, tunda dai jiragen ba sa neman abincin rana.

A Doha bai taɓa samun shagon kayan jiragen da ya gamsar da shi ba, don haka duk garin da aiki ya kai shi sai ya bi lungu-lungu. Yana da tsarinsa. "Kada ka tambayi intanet, Nasiru," in ji shi. "Ka nemi mai gyaran agogo ka tambaye shi. Kayan aikinsu ɗaya, sun san juna." In ka isa shagon kuwa, kada fitilu su ruɗe ka. Ka roƙi 'yar ƙaramar ƙafar tarago ɗaya tak. Idan mai shago ya jawo aljihun tebur ya tambaye ka girmanta, ka iso. Idan ya nuna maka kwali mai hoto, kayan wasan yara yake sayarwa, ka yi masa sallama da mutunci.

Shekarar korona iyalina suka maƙale a Kano, na rage ni kaɗai a gida kamar maraya. Da aka sassauta kulle, shi ya jawo ni. Kowace Juma'a sai in ci tuwon Hajiya, mu shige ɗakin jirage. Ya koya mini haɗa waya da dalma, ya koya mini fenti. Ran nan na karkata layi na lulluɓe wurin da tsakuwa, ya ɗaga tabarau ya dube ni. "In abu ya lalace ka faɗa, ƙanena. Ɓoyewa ba gyara ba ce." Bakinsa ne ya faɗi wannan, a riƙe.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, na lura rigunansa sun yi masa yawa. Na tambaye shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum amsar ita ce wadda muka gada: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai ofis ya tura ni kwas na mako biyu a Istanbul. Na same shi a kishingiɗe, na ce zan fasa.

"Yaya, jikin nan naka bai yi mini ba. Bari in ce su tura wani."

"Gyambon ciki ne kawai. Yalla, tafi abinka. Dama ina da aike. Akwai wani dattijo da ya ajiye mini kan jirgi, irin wanda babanmu ya yi aiki a kansa. Ka karɓo mini, khalas, shi ke nan."

Ya zana mini hanya a takarda, na tafi da murnata, wai ni an amince da ni.

Na sami shagon a ƙarƙashin wani tsohon bene, babu ko allon suna. Da na ambaci Tanimu, dattijon ya rungume ni, ya kawo shayi. Ba ma jin yaren juna, sai ya yi magana a waya ta fassara mini. Cewa ya yi, yaya cutar dajin? Tanimu ya gaya masa tun bazara cewa likitoci sun ce saura 'yan watanni. Na karanta sau uku ina tsaye da kofi a hannu. Dattijo mai shago, wanda suka haɗu sau huɗu a duniya, ya sani. Ni da ke cin abinci kwano ɗaya da shi ban sani ba.

Daga ƙofar shagon na kira shi. Muryarsa can ƙasa, amma har da dariya. "Kai ma ka biye wa surutun tsoho? Da sauƙi. Ka gama karatunka." Ban yarda ba, na bar kwas ɗin na shiga neman tikiti. Duk jirgin da zai zo Doha 'yan kallo sun cika shi. Kwana uku na yi kafin in sami kujera.

A wajen ta'aziyya Hajiya Rabi ta sa aka kira ni bakin ƙofa. "Malam Nasiru, shi ya hana mu gaya maka. Ya ce in ka sani ba za ka tafi ba, kuma ba ya son ka gan shi yana ƙarewa. Ya ce a roƙar masa gafararka." Na sunkuyar da kai, na juya na koma wajen maza.

Na san al'adarmu, namiji ba ya kukan ciwo, na kuma san tausayina ya ji. Amma shi ya yanke hukunci a madadina. Ya hana ni zama a gefen gadonsa, ya hana ni kama makararsa, ya hana ni tsayawa a sahun sallarsa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sake dawowa. Ya ɗauke ni ƙane a wajen aike, bai ɗauke ni ƙane a wajen jinya ba. Wannan ne ke ci mini rai.

Allah Ka jiƙan Tanimu, Ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara gare shi, Ka yalwata masa makwanci. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu a ƙasar da ba tasu ba. Ni kuwa, ya Ubangiji, Ka ga zuciyata, ban huce ba, ban kuma san ranar da zan huce ba. Amma kada Ka tsayar da shi ko na ƙiftawar ido saboda hakkina. Na yafe masa.