Ruwan Shekara Cikin Wuni Ɗaya

Igiya ta ƙare a hannuna, guga ya taɓa ƙasa, sai na ji ƙarar da ba ta ruwa ba. Na jawo shi sama. Taɓo ne baƙi da ruɓaɓɓen ganye. Hajji, tsohon da ya sauke ni gidanshi kwana tara da sunka wuce, yana tsaye bayana, jakar kasuwa tana kafaɗarshi, ko ajiye ta bai yi ba.

"Sake zurawa, ya Sudani," ya ce da Larabcinshi mai nauyi.

Na sake. Taɓo.

Ƙasa da mu kuwa, a gangaren dutsen, lambunshi sai ƙyalli yake. Itatuwan tin, ɓauren nan da ake ci, kowane yana tsaye cikin ruwa har idon sawu. Ni na yi wannan aikin, kuma har zuwa azahar ina jin daɗin kaina.

Ni ɗan bakin kogi ne. Ƙauyenmu yana kusa da Mai Wurno, in ka fito ƙofar gidanmu kana hango Nilu. Makaranta na bar ta a aji shida. Na yi tsinkar auduga a Jazira, na yi kamsari a motar Sinnar ina kiran fasinja, na sayar da kankana a Abu Hujar, babu inda na cika shekara. Babanmu yakan ce ƙafata ƙaiƙayi gare ta. Daga ƙarshe na hau bayan lori na ƙetara hamada zuwa Libiya, na yi leburan gini a Tarabulus har munka yi faɗa da mai aikin. Wani ya ce mani a Jabal Nafusa, can kan duwatsu, ana neman masu kiwo. Na sauka daga mota inda bai kamata ba, na kama wata hanyar jakuna na yi ta hawa, ban san inda za ni ba.

Ƙauyen yana can ƙoli, gidajen dutse ne manne da juna, launinsu ɗaya da tsaunin. Yawanci babu rufi. Gida huɗu kawai ke da hayaƙi, duka tsofaffi, yara sun gangara birni. Larabawan ƙasa suna ce masu Barbar, su suna kiran kansu Amazig, harshensu a kunnena kamar na Buzaye. Hajji ya gan ni zaune bakin masallaci leɓena ya tsage, ya ja ni gida. Matarshi ta aje mana bazin, tuwon sha'ir mai tauri da miyar tumatir da mai. Kwana uku bai tambaye ni daga ina nike ba. Rana ta huɗu ya nuna mani awaki da hannu, na kora su. Shi ke nan na zama ɗan gida.

Wallahi tun da na bar Sinnar ban yi barci irin na gidan nan ba. Har na fara tunanin zama.

Bayan gidan akwai abin da suke kira majin, rami ne babba sassaƙe cikin dutse, da murfin ƙarfe a bisa. Ɗan Hajji ya taɓa sa masu bututu da famfo ta gefen gangare don kada uwarshi ta riƙa jan guga. Ni na ɗauka rijiya ce, in ka ɗiba ta sake kawowa. Na ga tsohuwar tana wanke kwanuka da moɗa ɗaya, ruwan wankin ta ba kaji, ruwan alwala tana tare shi a kwano ta kai gindin na'ana'a. Na ce a raina rowa ce irin ta tsufa. Ban tambaya ba. Mu a gida wa ke tambayar inda ruwa ke fitowa?

Abin da ya dame ni itatuwan tin ne. Ganyensu ya yi laushi, ƙasar gindinsu ta dare. Ranar Jumma'a Hajji ya hau jaki tun da safe ya gangara garin ƙasa, kasuwa da masallaci, tsohuwa kuma ta tafi gidan maƙwabta niƙa. Na ce yau zan biya su tuwonsu da abin da na iya. Na ɗauki fartanya na ja babban jadawal, wato hanyar ruwa, daga bakin famfo, na fitar da ƙanana zuwa kowane itace, na yi wa kowane kwari a gindi, daidai yadda muke yi a hawasha, gonar ban ruwa ta wajenmu. Na buɗe famfo har ƙarshe. A wurinmu in ka buɗe ruwa tafiya kake ka sha shayi, ka dawo ka iske gona ta ƙoshi. Sai na kora awaki bayan dutse. Ban dawo ba sai da rana ta karkata, famfon yana ɗiga ɗaya ɗaya, sannan ya yi shiru.

Hajji ya sauke jakar a hankali. Ya zauna a kan murfin. Ya daɗe yana kallon lambun.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Ban taɓa ganin layi miƙe haka ba. A garinku wa ke rufe ruwa?"

"Gafir, mai gadin ruwa. In lokaci ya yi ya zo ya rufe."

"To nan Allah ne gafir. Ya rufe tun watan uku. Ba ya buɗewa sai sanyi ya shigo."

Sai a lokacin na gane. Ruwan saman damina ɗaya ne, wanda ya gangaro daga dutse ya taru, shi za su sha su da awaki har wata shida. Tin kuwa ba a ba shi ruwa, haka yake laushi kowace bazara kuma ya yi 'ya'ya. Tsohuwa ta dawo, ta leƙa ramin, ta faɗi wata magana gajera da harshensu. Na ce Hajji me ta ce. Ya ce, "Ta ce ka zo ka ci abinci."

Da dukana sunka yi, da ya fi.

Tankar ruwa ba ta hawa can, hanyar ta zube tun da daɗewa. Maƙwabta uku kowa ya kawo tulu, amma nasu ma a ƙidaye yake. Na ce ni zan ɗauko. Kullum bayan asuba in ɗaura jarka huɗu a jaki in gangara, in cika a famfon masallacin ƙasa, in hauro rana tana dukan ƙeyata. Kafin magariba awaki sun shanye rabi. Na yi haka kusan mako biyu. Sai jakin ya fara ɗingishi, kofatonshi ya tsage. Na ɗauki jarka biyu a kafaɗa da sanda, na iso da ɗaya da rabi. Hajji ya dube ni ya ce, "Waladi, ɗana, jakin ya fi ka wayo, shi ya san ya gaji."

Abin da ban sani ba, shekara da shekaru ɗanshi yana matsa mashi ya sauko Tarabulus. Kullum amsar tsohon ɗaya ce: yana da ruwanshi, yana da zaitun ɗinshi, ba ya roƙon kowa komai. Wani ya kai wa ɗan nashi labari. Ya zo ya aje boksi, motar ɗaukar kaya, a gindin dutse, ya hauro da ƙafa yana haki, da takalmin birni. Sun yi magana cikin ɗaki da harshensu tun hantsi har la'asar. Muryar ɗan kawai nike ji. Ta tsohon sau biyu ta fito.

Da ɗan ya fito ya same ni wajen awaki, ya miƙo mani sigari.

"Kai ne injiniyan ban ruwa?"

Na karɓi sigarin na juya ga awaki.

"Kada ka ɓata rai, ya Sudani. Shekara biyar ina fama da shi. Kai wuni ɗaya ka gama mani aikin." Ya rubuta lambar wayarshi a kwalin sigarin. "In kana son aiki ka kira ni."

Awaki anka raba wa maƙwabta. Ni na sauko da kayansu a kaina: darduma, tukunya, dutsen niƙan tsohuwa da ta ƙi bari, wanda ya kusa karya mani wuya. Hajji ya kulle ƙofar da wani makulli na itace tsawon hannu. Ya tafi lambu shi kaɗai, ya tsaya. Tin ɗin sun yi kore shar, sun fi na kowa a ƙauyen. Na ce, "Hajji, ka yafe mani." Ya ce, "Na yafe tun ranar. Riƙe mani hannu, gangaren nan da santsi." Har munka kai mota bai waiwaya ba.

Ban bi su ba. Na tafi wani garin bakin teku na shiga wankin motoci, wuni ina riƙe da tiyo ruwa yana bin kwalta. Sau ɗaya na kira ɗan. Ya ce baba yana bene, hawa na huɗu, ba ya sauka ko masallaci, yana zaune bakin taga, ya daina tambayar awaki. Ya ce likita ya duba bai ga komai ba.

Da sanyi ya shigo anka yi ruwa kwana biyu a jere. Na zauna ƙarƙashin rumfar wurin aikin na rubuta wa ɗan Hajji saƙo a waya:

"Salamu alaikum. Ni ne Sudani. An yi ruwa nan, ana cewa a dutse ma an yi. Hanyar da ruwa ke bi ya shiga majin tana son shara, in ba a share ba zai wuce ta gefe. Zan iya hawa gobe in share in rufe famfon da kyau, ba na son komai. Ka tambayi Hajji, in majin ya cika zai koma? In ya ce a'a kada ka gaya mani, ka ce dai in je."