Littafin Kaburbura da Na Ƙona

Akwai rana guda a rayuwata da ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin za ta fita daga raina. Shekara biyu ke nan da komawa mulkin farar hula, ina sakataren wata ƙungiya tamu a Agege. Aikinmu shi ne binne baƙi, wato 'yan dako da masu gadi da ajali ya riska a Legas ba su da kowa. Muna da wani babban littafi da muka gada, inda ake rubuta sunan mamaci da garinsu da layin da kabarinsa yake, a ƙirga daga katangar gabas.

Wani Alhaji ya ba mu kyautar tsohuwar kwamfuta, ni kuwa kaina ya kumbura, don ni kaɗai na iya taɓa ta. Wata huɗu na yi ina kwafe littafin nan a ciki. Da na gama, sai na dubi littafin, duk ɓera ya ci gefensa, kowane shafi kuma da Bisimilla a sama. Ba a jefa sunan Allah a bola, saboda haka na ƙona shi a bayan masallaci, na binne tokar. Limaminmu ya ce in bari, na yi masa dariya na ce, "Malam, ai zamani ya wuce takarda." Wallahi har yau idan na tuna wannan dariyar sai in ji kamar in mari kaina.

Wata safiyar Talata wani dattijo ya iso daga Nijar, kwana uku yana hanya. Ɗansa mai gadi ne a Ijora, tirela ta taka shi shekara guda kafin nan, mu muka binne shi. Ya zauna a tabarma ya ce, "Ɗana, ba na neman komai. Uwarsa ce ta ce in ga inda ya kwanta da idona, in koma in faɗa mata." Na ce, "Baba, sha kuruminka, minti biyu ne."

Na kunna kwamfuta. Maimakon ta buɗe yadda ta saba, sai ta tsaya a baƙin allo da ɗan rubutu, wai ba ta ga had-dis ba, wato faifan da ke riƙe da duk abin da aka ajiye a cikinta. Na kashe na sake kunnawa, haka. Na shiga shuɗin allon da ke lissafa kayan cikinta, gurbin faifan babu komai. Na kwance murfin da wuƙar tebur, na cire faffaɗar waya mai ruwan toka da ke haɗe da faifan, na hure ƙura, na mayar. Sau bakwai na yi haka, dattijon yana kallona yana jan carbi. Sai a lokacin na tuna jiya wuta ta dawo da ƙarfi har ta fasa ƙwan lantarkin ofis.

Na rungumi akwatin kwamfutar na hau danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa Ikeja, wajen wani Bayarabe mai gyara da ya iya Hausa kamar jakin Kano. Ya canza waya, shiru. Ya cire faifan ya ɗaura a wata kwamfutar, ita ma ba ta gan shi ba. Ya kara shi a kunnena, na ji yana ƙyas-ƙyas a hankali. Ya ce, "Oga Malam, allurar ciki ce ta sare. Ina ka ajiye kwafi?" Na ce babu. Ya ce, "To takardun da ka kwafa fa?" Na ce na ƙona su. Don tausayi har ya naɗe faifan a leda ya sa a firiza na awa biyu, wai wani lokaci sanyi kan tashe shi. Bai tashi ba. Na fito na zauna a bakin kwata, ni da gemuna, na yi kuka. Ba ɗan dattijon kaɗai na ɓatar ba, duk baƙin da muka binne ne na shafe da hannuna.

Da la'asar muka tafi makabarta, ni da dattijon da shugaban ƙungiyarmu. Mai haƙan kabarin da ya san wurin ya koma gida tun bara, kaburburan baƙi kuwa ba alama, tudun ƙasa ne kawai ciyawa ta rufe. Shugabanmu ya raɗa mini, "Nuna masa kowanne mana, ina zai sani?" Kunya ta fi ƙarfin imanina. Na yi ta tafiya kamar ina ƙirga layi, na tsaya kan wani kabari na ce, "Ga shi nan, Baba."

Ya durƙusa ya daɗe yana addu'a, ya cire ciyawar da hannunsa tas. Da ya miƙe, bai dube ni ba ya ce, "Ɗana, na ga ƙafarka tana shakka tun daga ƙofa. Ko ba shi ba ne, wannan ma ɗan wani ne." Ya karkaɗe gwiwarsa ya ƙara da cewa, "Abin da zan faɗa wa uwarsa ne ban sani ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Washegari ya hau mota a tashar Mile 2, ban sake jin labarinsa ba. Na yi shekaru ina bin tsofaffi ina tambaya, abin da na iya farfaɗowa bai kai kwata ba, kuma ɗansa ba ya ciki.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, amanar mutane ba a ajiye ta wuri guda, kuma ba a zubar da tsohon ruwa don an ga hadari. Yau ina da kwamfuta mai kyau, amma duk baƙon da muka binne sai na rubuta shi da biro a littafi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wajen liman.