Sulallan da Inna Ramatu ta goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Ramatu ta rasu.

Ina saka abaya zan tafi makaranta da safen nan Umma ta shigo da waya a hannu, ta ce in ajiye jakar. Har yanzu jakar tana nan bakin ƙofa inda na sake ta.

Kun san ban cika rubutu a nan ba, hotunan littattafai kawai nake sawa. Yau dai na kasa yin shiru.

Masu bi ta Misfala a nan Makka za su gane ta: tsohuwar nan mai sayar da hatsin tantabaru a ƙananan ledoji, mai mayafin da ya koɗe amma kullum a wanke, a goge. Maƙwabciyarmu ce a Hindawiyya, ɗaki ɗaya take haya a gidan da ke kallon namu. A goye aka kawo ta ƙasar nan. Iyayenta sun tako daga Gobir a ƙafa, suka yi hajji, suka zauna, suka rasu. Ta tsufa a Makka ba iƙama, wato shaidar zama, ba takardar kowace ƙasa.

Ita ta gyara mini Hausar da nake rubuta muku. In na yi mata Larabci sai ta toshe kunne ta ce, "Ƙawata, wannan na liman ne. Yi min maganar gida."

Ta san ina jin kunyar mutane. In baƙi sun cika gidanmu sai ta aiko wai in zo in zura mata zare a allura. Babu wata allura. Tabarma take shimfiɗa mini in yi karatuna, ta ajiye mini kunun gyaɗa, ta ja ƙofa.

Bara ciwon ciki ya kama ta. Likitan wani asibitin kuɗi ya ce sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Matan unguwa suka yi karo-karo, bai kai ko'ina ba.

Wata rana ta kwance wani ƙullin tsumma ta nuna mini gadon ubanta. Kwabbai masu huji a tsakiya, sulalla, wasu na ƙasashen da suka ratso, da wani babban riyal na azurfa tun na kafin a haɗa ƙasar nan. Duk sun yi baƙi ƙirin, da ƙyar ake ganin rubutun.

A lokacin malamarmu ta tarihi ta gaya mana za a yi baje kolin tsofaffin kuɗi a Jidda, har da gwanjo. Na ɗauki hoton sulallan Inna, Abba ya tura wa wani dillali daga cikin masu baje kolin. Nan da nan ya turo saƙon murya, har numfashinsa na sama. Ya ce a kawo, musamman babban nan. In yana nan yadda yake a hoto, zai sa shi a gwanjo, kuma kuɗinsa zai isa aikin asibitin.

Ran nan Inna ta yi rawa a zaune.

Ita ba ta iya zuwa Jidda, akwai shingen bincike a hanya. Sai aka ce ni da Abba mu je a tasinsa. Da safe ta miƙo mini ƙullin a sabon ƙyalle, ta ce kada in buɗe a hanya, ido guba ne. Na ga yatsunta sun yi ja, wani har ya tsage. Na tambaye ta, ta ce wanki ne.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Sanyin esi, teburan gilashi, dattawa da madubin ƙara girma a ido, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan gaisuwa. Na lura ba mai taɓa sule da hannu tsirara, sai da safar hannu.

Dillalin tsoho ne, mai fara'a. Ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle, ya ce, "Bismillah, ya binti."

Na kwance.

Suna ƙyalli kamar sababbin tasoshin amarya.

Dillalin ya sunkuyo a kansu. Ya ɗaga riyal ɗin, ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya nuna mana ƙananan zane-zane a ko'ina, kamar an ja ƙaya a kai. Sannan ya ce, "La haula. Wa ya yi masa haka?"

Abba ya ce, "Toka da lemun tsami ne. Da soson ƙarfe." A hankali ya faɗa, don ya san aikin, haka uwarsa take yi wa kwanuka kafin Sallah.

Mutumin ya ce baƙin nan da aka goge shi ne shekarun sulen, shi masu tarawa suke saye. Wanda aka kankare ba ya shiga gwanjo, sai dai a auna azurfarsa a sikeli. Bai yi mana wulaƙanci ba. Har shayi ya sa aka kawo, ba wanda ya sha.

Ban san dalilin da ya sa muka tsaya kallon gwanjon ba. Aka fito da wani riyal ɗan'uwan na Inna, baƙi, da dattinsa. Hannaye suka yi ta tashi, suka yi ta tashi. Abba ya ce, "Tashi mu tafi, Nusaiba, kafin in yi saɓo."

A mota ya ce mu gaya mata an ɗage gwanjon. Na ce to.

Mun same ta a bakin ƙofa ta yi kwalliya, tana jira. Abba ya fara, "Inna, wallahi mutanen sun ce sai wani..."

Ta ce, "Usmanu, tun kana yawo ba wando ba ka iya ƙarya ba. Ƙawata, ke faɗa min."

Na faɗa mata. Ina kuka, amma na faɗa duka.

Ta dubi yatsunta. Sai ta yi dariya, har ta riƙe ciki don ciwo.

"To da dauɗarsu suke so? Ikon Allah. Ni kuwa na ce kayan ubana za su shiga gaban manyan mutane, a ce ɗiyarsa ƙazama ce?"

Abba ya ce ko a sayar a sikelin, a rage wani abu. Ta ce, "Ya kai aikin?" Ya girgiza kai. Ta ce, "To bar su su kwana gida."

Ba a yi aikin ba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'a ne. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ɗakin kuwa fes, ko ƙwayar hatsi babu a ƙasa. Ta zaro kwabo ɗaya mai huji, ta zura masa zare, ta ɗaura mini a hannu.

"Kada ki wanke shi, tunda haka masu ilmi suka ce. Amma ya bari sai ba na nan ya yi baƙi, kada in gani raina ya ɓaci."

Yana hannuna ina wannan rubutun. Gefensa ya fara dusashewa. Ba zan taɓa shi ba, Inna.

Umma da matan unguwa suna can suna yi mata wanka. Ana fatan a sallace ta a Harami bayan La'asar, in an gama maganar takardu. Har yau ma takardu.

Ya Allah, baiwarka Ramatu ta zo gare ka, ba ta taɓa yarda ta je gaban kowa da dauɗa ba. Ka wanke ta daga kurakuranta, ka karɓe ta ba tare da an tambaye ta shaidar zama ba, ka ba ta gidan da ba na haya ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce da like kawai. Ku ambaci sunanta a sujada, ko sau ɗaya.