Galan a Baya, Tabarau a Goshi

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki a 1999, manyan Makera duk suna manne da rediyo, mu kuwa muka sulale bakin kogi. A nan ne gilashin idon abokina Bulus ya zame daga hancinsa ya faɗa ruwa. Bulus in babu gilashi, akuya ma sai ya durƙusa ya gaishe ta. Ga jarrabawa ranar Litinin, ga babansa ya rantse ba zai sake sayen wani ba. Ya zauna kan dutse yana kuka, ni kuwa na daki ƙirji na ce ya bar min, ai na yi karatun nutso.

Makarantar tawa ita ce shagon askin Baba Ɗanjuma. A bangon akwai kalandar tallar agogo, da hoton wani Bature a ƙarƙashin teku: tukunyar iska a baya, takalmi kamar ƙafar agwagwa, tabarau a goshi, gashi a kwance, haƙora duk a waje yana wa kifi murmushi. Duk askin duniya shi nake kallo, har na haddace shi fiye da jadawalin lissafi. Na ruga gida na ɗauko galan ɗin manja da babu komai a ciki, da zanen goyon Umma, da silifas ɗin Baba, na biya na ari tabarau wajen mai walda. Yara suka ɗaure min galan tamau a baya, na ɗora tabarau a goshi. Bulus ya share hawaye ya ce, "Sani, ba a ido ake sa tabarau ba?" Na ce, "Kai da ba ka gani, za ka koya wa Bature?"

Na buɗe haƙora na faɗa. Wallahi na sha rabin kogin Kaduna, na tabbata har a Rido sun ga ruwa ya ragu. Galan kuma ya ƙi nutsewa: kaina a ƙasa, ɗuwawuna a sama, ina ta juyawa kamar ƙwarya. Silifas ɗin Baba ɗaya ya kama hanyar Neja. Wata mai wanki ta riƙe ciki tana cewa, "Ku zo ku ga sabon gwamna!"

Da na fito ina tari, sai na ga Bulus bai yi dariya ba. Na kwance tarkacen nan duka na jefar, na rufe baki ruf, na miƙa masa bakin zanen ya riƙe, na riƙe ɗayan. Na shiga a hankali, ruwa har haɓa, ina laluben laka da yatsun ƙafa. Na ɗago gwangwani, na ɗago ƙashi, sanyi ya fara kaɗa min haƙora, sannan babban yatsana ya taɓa wani abu siriri. Na ja numfashi, na nutse, na fito da shi. Bulus ya goge shi da riga, ya maƙala, ya dube ni ya ce, "Ashe haka kake da muni." Na sha bulala kan silifas, amma ranar Litinin ya rubuta jarrabawarsa, ya ma fi ni ci.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. Tun bayan rikicin addinin da aka yi a garin su Bulus suka koma Mahuta, yaran unguwa kuma ba a barinsu zuwa kogi. Kwanaki na hango shi cikin bas a Kakuri, tun daga nesa ya gane ni, ya leƙo yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Na daɗe a tsaye a wurin.